Silvanus Ba Ya Ji

Ɗana Silvanus ya dawo daga yaƙi da ƙafa biyu da hannu biyu. Muka kai baikon godiya majami'a, matan zumunta suka rako shi gida da waƙa, uwarsa Afiniki ta yanka zakaran da take ajiye wa Kirsimeti. Ni kuwa tun bai cire kakin soja ba na fara zirga-zirga tsakanin ƙauyenmu da Kafanchan, ina nema masa aiki a reluwe ta hannun wani surukina. Ni manomin citta ne a kan hanyar Kwoi, karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma na san yaron da ya gama firamare ya kuma riƙe bindiga bai kamata ya ƙare a kan fartanya ba.

Ba a daɗe ba muka ga abin da ya dawo da shi. Ya daina zuwa kwaya, wato mawaƙan majami'a, shi da yake riƙe musu babbar murya. Sai ya zauna bayan rumbu yana tsaga citta, ka kira shi har ka gaji. Wani lokaci ka tambaye shi ko ya ci abinci, ya ce maka ruwan sama ya kusa. Idan baƙi suka zo gaisuwa sai ya kafe su da ido kamar sun sace masa akuya, ya ce "To, to," ya tashi. Ba ya barci sosai. Duk wannan mun haƙura da shi, don ba shi kaɗai ya dawo haka ba. Amma wata rana uwarsa ta zo ta bayansa da ƙwaryar kunu, ta dafa kafaɗarsa, ya juyo ya maka ta da ƙasa. Ya tsaya a kanta yana rawar jiki, sa'an nan ya gane ita ce, ya gudu gona. Kafin Lahadi ta zagayo, duk ƙauye ya ji cewa kan ɗan Nicholas ya taɓu.

Mai bisharan ƙauyenmu ne ya ce mini asibitin mishan da ke bayan Kafanchan ya buɗe wani sashe domin irin waɗannan, inda ake warkar da mutum da magana. Na ce masa in magana tana warkarwa, da matan kasuwar Kwoi ba sa mutuwa. Duk da haka na tafi, don ba ni da wani wurin zuwa.

Sashen nan tsohon sito ne da aka shafa wa farar ƙasa, manne da ɗakin haihuwa. Ba warin magani, ba kwalba, ba ko almakashi. Na duba ta taga na ga kujeru biyu da kalanda. Amma ma'aikata kam akwai su, har mutum biyar, kowa da sunan aikinsa, kowa yana tsare da shi kamar kare da ƙashi.

Na farko shi ne Gregory, akawu, wanda kuma yake yi wa likita tafinta. Biro uku a aljihun gaba, gashi an tsaga shi da man shafawa. Shi Kaje ne, ni Jaba, saboda haka da Hausa muka yi.

"Mene ne damuwan yaron, Baba?"

"Tun da ya dawo daga yaƙi ba ya ji. A kira shi, ba ya ji. A yi masa magana, ba ya ji. Har ya ture uwarsa."

"Taurin kai," in ji shi, yana rubutu bai ɗago ba. "Duk sojojin nan haka suke. Sun ci gwangwani sun raina tuwo."

Na ce to, wane magani za a ba shi?

"Ni ba na ba da magani. Kati nake bayarwa."

Ta biyu Sista Bernice ce, doguwar mace mai farar hula, an ce ta yi kwas a Kudu. Na tambaye ta ita ce mai allura? Ta yi murmushi ta ce a'a, aikinta sauraro. Na ce mata matata ta shekara ashirin da wani abu tana yi mini wannan aikin, ba wanda ya ɗinka mata farar hula. Ba ta ji haushi ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Ta bayyana mini yadda aka koya musu. Ba a zama gaba da gaba da mai ciwo, don kada ya ga kamar alkali ne ya sa shi a gaba. Sai a jera kujeru gefe da gefe, dukansu suna kallon taga. Ba a kuma ɗaga murya, sai a yi magana a hankali kamar ana lallashin jariri. Ta ce ni in zauna a waje, abin da aka faɗa a ɗakin nan kuma ba za ta gaya mini ba.

"Ɗana ne fa, Sista."

"Na sani, Baba. Shi ya sa."

Haka muka riƙa yi duk mako. Mu hau motar citta da sassafe, in zauna a benci tare da mazan da matansu ke naƙuda, su ana fito musu da jarirai, ni ana fito mini da Silvanus yadda na kawo shi. Da na matsa mata, iyakar abin da ta ce shi ne bai buɗe ba tukuna, kuma shiru ma magana ne. Wai shiru magana ne. Na bar gonata a hannun yara ana lokacin tonon citta don in ji wannan.

Na uku Mista Bartholomew ne, jami'in walwala, mai babur da hular kwano. Shi aikinsa ziyarar gida. Ya zo mana ranar kasuwa, ya yi ta zagaya ƙauye da ƙarar babur yana tambayar gidan mai taɓin hankali, har waɗanda ba su ji labari ba suka ji. Ya leƙa ɗakunanmu, ya tambayi ko a danginmu an taɓa samun mahaukaci, ko muna dafa burkutu, ko na taɓa ɗaure yaron. Ni dattijon ikkilisiya, a tsakar gidana. Ya tambayi Afiniki yadda take ganin ɗanta, ta ce da kuka, "Ba ya jin magana, ɗana da yake da ladabi." Ya rubuta. Ya ci tuwon acca malmala biyu da rabin kaza, ya ce gidan yana da tsabta, ya hau babur. Silvanus yana bayan rumbu duk lokacin nan, bai ko je wurinsa ba. Da na ce ba zai gan shi ba, sai ya ce mai ciwo na Sista ne, shi nasa iyali.

Na huɗu paston asibiti ne. Shi ban so in faɗi mugun abu a kansa ba, bawan Allah ne. Amma abin da ya faru ya faru. Ya karanta wa Silvanus inda aka yi maganar biyayya ga iyaye, ya ce mu sunkuya mu rufe ido. Addu'ar ta yi tsawo, gaskiya ne. Muna tsakiyarta, pasto bai ko kai ga yi wa marasa lafiya roƙo ba, Silvanus ya ce "Amin" da ƙarfi ya miƙe tsaye. Pasto ya buɗe ido ɗaya. Daga baya ya ja ni gefe ya ce zuciyar yaron ta taurare, ba ya jin Maganar Allah, amma a ci gaba da addu'a.

Na biyar shi ne babbansu, wani likita Bature da ke zuwa daga Jos sau biyu a wata. Gemu ya rufe masa baki gaba ɗaya, ba ka ganin inda magana ke fitowa. Kowa a sashen nan da sunansa yake rantsuwa. Ka tambayi Gregory ko ruwa za a yi, ya ce sai likita ya zo. Ranar da layi ya kai kanmu, an bar ni na shiga, na tsaya jikin bango da hulata a hannu. Bature ya yi tambaya da Turanci, Gregory ya juya ta Hausa, idonsa a kan kati.

"Likita ya ce, in ka tuna yaƙi, me kake ji?"

Silvanus ya dubi gemun Bature, ya dubi Gregory. Gregory ya ɗago kai ya maimaita da fushi, "Me kake ji?"

"Ba na jin kome," in ji Silvanus.

Da aka juya wa Bature wannan, sai na ga ya gyara zama kamar maharbin da ya hango sawu. Ya yi rubutu mai yawa. Gregory ya juyo ya bayyana mini da alfahari cewa likita ya ce wannan babbar alama ce, zuciyar yaron ta mutu, ba baƙin ciki ba farin ciki. Sai tambaya ta biyu ta zo, Gregory ya ƙwala ta kamar yana kiran fasinja a tashar mota.

"In kana kai kaɗai, ba kowa, akwai abin da kake ji a cikin kanka?"

"Akwai," in ji Silvanus, har da gyaɗa kai. "Suna kuka. Dare da rana, ba sa dainawa."

"Su wa?"

"Ban sani ba. Tun a can suka fara."

Turancina kaɗan ne, amma na ji Gregory ya ce wa Bature muryoyi ne. Bature ya rufe biro.

Aka fitar da mu, su biyar suka shiga mitin. Aka kai musu shayi da biskit a kan tire. Ina benci ina jin muryar Sista Bernice tana hawa, wannan ne karo na farko da na san tana da murya. Da suka fito, Mista Bartholomew ne ya gaya mini, don isar da labari ga iyali aikinsa ne. Likita ya yanke cewa ciwon ya fi ƙarfin magana. Za a kai Silvanus babban asibitin masu taɓin hankali a birni, a kwantar da shi, shi Bartholomew zai raka shi a jirgin ƙasa.

A ƙauyenmu akwai wani Andrawus da aka taɓa kaiwa irin wurin nan. Ban san abin da aka yi masa ba, ban kuma ce an cuce shi ba. Na dai san ya dawo bayan shekaru ya tarar an raba gonarsa, har yau yara suna binsa da waƙa. Wanda aka hau da shi jirgi da sunan hauka, ko ya warke, a wurinmu ya gama zama mutum. Ba aiki, ba aure, ba a tambayarsa a taron dangi.

Na bi su ɗaya ɗaya ina roƙo. Gregory ya ce shi abin da aka faɗa yake juyawa. Pasto ya ce shi nasa ruhu ne, jiki da kai na likita ne. Bartholomew ya ce shi bai yanke ba, rakiya ce tasa, ya kuma ƙara mini da cewa in yaron ya sake taɓa wani a ƙauye, 'yan sanda ne za su zo, su kuwa ba da tikiti suke rakiya ba. Sista Bernice ta ce ta nemi a ƙara mata lokaci an hana, ita ba ta da ikon ture maganar likita. Likita kuwa motarsa ta riga ta kama hanyar Jos. Mutum biyar sun haɗu sun ɗauke mini ɗa, na rasa wanda zan riƙe wa riga. Ko a wurin yankan akuya, in ka tambayi wa ya riƙe wuƙa, akan nuna maka shi.

Afiniki ta wanke masa kaya, ta soya masa gyaɗa, ta sa Littafinsa Mai Tsarki a cikin akwatin ƙarfen da ya dawo da shi daga soja. Na yi ƙoƙarin bayyana masa inda za a kai shi. Ya dube ni ya ce, "To, Baba."

Ranar tafiya muka isa tashar Kafanchan da hantsi. Tashar cike take, masu lemo da rake da dafaffen ƙwai, sojoji masu komawa bariki, mata da buhunan doya. Bartholomew ya zo da sabuwar riga, ya sayi jarida, yana ta duban agogo don mutane su ga yana da shi. Silvanus ya zauna a kan akwatinsa ya juya wa layin dogo baya, yana ɓare lemon da na saya masa.

Akwai wani kan jirgi da ke jan taragun kaya a layin da ke bayanmu. Ya matso a hankali har ya zo daidai da mu, sai direban ya saki usur tare da tururi. Wanda ya san Kafanchan ya san wannan ƙarar, har cikin haƙori take shiga. Wata mai talla ta saki tirenta, jarirai suka fashe da kuka, Bartholomew ya yi tsalle ya taka jaridarsa, ni na toshe kunnuwa. Sojan da ya ture uwarsa don ta dafa kafaɗarsa bai ko motsa ba. Ɓawon lemon yana ta sauka a zare ɗaya, bai tsinke ba.

Na tsaya ina kallonsa. Sa'an nan na zagaya bayansa, na kira sunansa yadda nake kira a gida. Shiru. Na ɗaga murya. Shiru. Na ƙwala har mutane suka juyo. Na zo gefen hagunsa na yi ihu, bai juyo ba. Na koma dama, na sa bakina a kunnensa, na ce da yarenmu, "Silvanus, kana jina?"

Ya zabura, lemon ya faɗi. Ya dube ni, ya ga na gane.

"Kaɗan, Baba," in ji shi. "Wannan kunnen kaɗan. Ɗayan ya mutu tun ranar da igwa ta fashe kusa da raminmu. In na ga bakin mutum ina kama wasu."

"Masu kuka a kanka fa?"

"Ƙara ce. Kamar gyare a cikin tulu."

"Me ya hana ka faɗa?" Duk wannan da ihu nake yi, masu lemo sun kewaye mu.

"Na faɗa. Na gaya wa Sista tun ranar farko, na gaya wa Bature. Na ce ba na jin kome." Ya sunkuyar da kai. "A gida kuwa kullum maganarka reluwe. Reluwe ba sa ɗaukar kurma."

Ni ma ban gane ba, gaskiya ne. Amma ni citta na sani. Ba ni na yi kwas a Kudu ba, ba ni nake zuwa daga Jos da mota ba.

Na juya wurin Bartholomew. "Ka ji? Yaron kurma ne. Wata da watanni kuna yi wa kurma raɗa."

Ya kakkaɓe jaridarsa. "To, wannan sabon bayani ne, Baba. In mun isa can zan sanar da su."

"In kun isa ina?"

"Likita ya riga ya sa hannu. Ni ba ni da ikon sokewa. Aikina in kai shi."

"Kai da ka zo gidana ka ƙirga mini tukwane, ka cinye mini kaza, ba ka iya ƙirga kunne biyu ba?"

"Kunne ba sashena ba ne."

Wata tsohuwa mai sayar da rake ta ce, "Ɗan nan, to wane ne sashenka, cinyar kaza?" Mutane suka kwashe da dariya. Jirginmu ya shigo, aka fara turereniya. Na ɗaga Silvanus, na zauna a kan akwatin da kaina, na riƙe hannunsa. Bartholomew ya ce in yi hankali, wannan hana ma'aikaci aikinsa ne. Na ce tikiti biyu ne a hannunsa, ya hau ya kai kansa, in sun duba shi da kyau ba za su ce an yi asarar tafiya ba. Ya tsaya yana duban jirgi yana duban mu har aka kaɗa tuta. Da taragon ƙarshe ya wuce, sai ya ce shi zai rubuta cewa iyali ne suka ƙi. Na ce ya rubuta da manyan baƙaƙe.

Daga tasha muka taka har asibiti, akwati a kaina. Gregory ya hango mu ta taga ya fito da baki buɗe. Da na gaya masa, sai ya ce laifina ne.

"Kai ka ce ba ya ji. Ku Jaba ba ku iya Hausa ba. Da ka ce kurma ne."

"Da na san kurma ne, me zai kawo ni wurin mai kati? Shi da bakinsa ya ce maka ba ya jin kome, kai gwanin Hausa, me ka gaya wa Bature?"

"Abin da ya faɗa na juya."

"Ka juya shi kam. Ka kife shi."

Sista Bernice tana ƙofa tana jinmu. Ba ta kare kanta ba. Ta shiga ɗaki, na ji ƙarar kujera a kan siminti. Da na leƙa, ta juya kujerun nan biyu suna fuskantar juna. Ta kama hannun Silvanus ta zaunar da shi, ta sunkuya daidai fuskarsa, ta ce da ƙarfi, "Ka yafe mini." Ya kalli bakinta ya ce, "Ba kome, Sista."

Na ce to shi ke nan, a duba masa kunne mu tafi gida. Ashe cikin su biyar ɗin nan babu wanda aikinsa ya kai ga leƙa kunne. Sai da aka ba mu wani kati, muka bi wani layi a can gaban asibiti, wurin mutum na shida. Shi kam bai ɓata mana lokaci ba. Ya haska tocila, ya kaɗa wani ƙarfe a bayan kan yaron, ya ce na hagu ya tafi har abada, na dama a kiyaye shi daga ruwa da tsinke.

Na koma in ɗauki akwati, Sista ta tare ni.

"Baba, kunne ɗaya ne daga cikin abin. Kurumta ba ta hana barci. Ba ita ta sa shi rawar jiki a kan uwarsa ba. Ka ci gaba da kawo shi."

"Don ku sake sa shi a jirgi?"

"Zan tsaya a gaban likita. Wannan karon ina da abin faɗa."

A hanyar gida na zauna ta damansa a bayan mota, na yi masa ihu a kunne cewa in ba ya so, ba za mu sake taka wurin ba. Ya ce zai koma.

Da Bature ya dawo aka gaya masa, an ce fuskarsa ta yi ja har wuya. Suka sake shiga mitin, aka sake kai shayi. Abin da ni manomin citta na gane a tsaye a tasha, su sai da suka cinye faranti guda na biskit kafin su amince da shi. Aka soke tafiya birni. Bartholomew ne ya zo ya sanar da ni, da fuskar wanda ya yi mini alheri. Maganar reluwe kuwa na je na gaya wa surukina ya bar ta.

Saura matsala ɗaya. Bangon sashen nan na katako ne, ɗakin haihuwa yana manne da shi. Ranar da suka fara zama na gaskiya, Sista ta ƙwala tambayarta ta farko, wata ungozoma ta leƙo ta ce ko a taimaka, wa ke naƙuda a nan? Duk mazan da ke benci suka miƙa wuya. Maganar da aka ce ko uba ba zai ji ba, ga ta tana shiga kunnen kowa. Sai ga Sista ta fito da kujera a hannu, Silvanus yana biye da ɗayar. Suka wuce ɗakin wanki, suka wuce makarantar nas, har gonar rogon asibiti. A tsakiyar rogo suka dasa kujeru, farar hularta kaɗai ake hangowa.

Na bi su daga nesa, na tsaya a gindin wata ɗorawa. Ba don in saurara ba, don dai in ga kada wani abu ya faru. Amma iska ta wajena take kaɗawa. Na ji ta yi tambaya. Sai muryar ɗana ta taso, babbar muryar nan da ban ji ba tun kafin yaƙi, da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa. Yana maganar wani Meshak, wanda suke rami ɗaya. Ya ce bakin Meshak yana motsi, yana ta motsi, yana riƙe da rigarsa, shi kuwa bai ji abin da yake cewa ba, har bakin ya tsaya.

Ban san wani Meshak ba, bai taɓa ambatarsa a gida ba. Na bar gindin ɗorawar. A gefen gonar akwai ɗakin injin wutar asibiti, yana ta ruri yana fitar da hayaƙi. Na je na zauna a jikin bangonsa inda ƙarar ta fi yawa, na jira su gama.